Ken Buchanan: zakaran duniyar da bai taɓa kare kambunsa a ƙasarsa ba

Yawancin masu bibiyar damben boksin a yanzu in ka ambaci sunan Ken Buchanan abu ɗaya ne ke faɗo musu a rai, wato wancan bidiyon na 1972 da ake ganin wani siririn Bature mai gajeren wando mai zanen gida-gida yana birgima a ƙasa ya dafe mararsa, abokin karawarsa Roberto Durán kuma ana ɗaga masa hannu. Shi kenan, iyakar abin da suka sani ke nan. Kuma wallahi abin yana damuna, domin mutumin nan wasa 69 ya yi a matsayin ƙwararre, ya ci 61, ya taɓa riƙe kambun duniya gaba ɗaya na ajin marasa nauyi a lokacin da ajin ke cike da zaratan maza, amma an taƙaita rayuwarsa a naushi ɗaya da aka yi masa ƙasa da cibiya. Ni abin da na fi gani a tarihinsa daban ne: sau biyar ya hau dandamali a wasan kambun duniya, a San Juan, Los Angeles, New York sau biyu, da Tokyo, ko ɗaya ba a Birtaniya ba, balle Sikotland. A Edinburgh ma inda aka haife shi bai taɓa yin wasan ƙwararru ba ko sau ɗaya. Yadda aka yi haka ta faru shi ne abin da ya kamata a warware.

An haife shi ranar 28 ga Yunin 1945, ɗan talakawa ne, ya fara dambe yana ɗan shekara 8 a wani kulob da ake kira Sparta a nan cikin Edinburgh, mahaifinsa Tommy ne ya kai shi kuma shi ne ya yi ta bin sa kusan duk inda ya je dambe a duniya. Sana'ar da ya koya kafinta ce, shi ya sa ma aka riƙa yi masa laƙabi da kafinta mai dambe. A 1965 ya ci gasar 'yan koyo ta Birtaniya, a shekarar kuma ya koma damben kuɗi a hannun Eddie Thomas, wani tsohon zakara ɗan garin Merthyr Tydfil na yankin Wales wanda shi ne kuma ke riƙe da shahararren ɗan dambe Howard Winstone. To tun daga nan ka ga matsalar ta fara: ɗan Sikotland ne, manajansa na Wales, wasanninsa kuma a Landan.

Kuma ba kowace Landan ba. A zamanin akwai wasu kulob-kulob na masu hannu da shuni irin su National Sporting Club, inda attajirai za su sa kwat su zauna su ci abincin dare, ana gama ci sai a kawo musu 'yan dambe su kalla, ba a shiga sai kai mamba ne ko baƙon mamba, kuma al'adar wurin ma ba a ihu ana tsakiyar turmi. Da yawa daga wasannin Buchanan na farko a irin waɗannan wurare ya yi su. Ka ga yaro yana ta cin wasa amma talakan da zai sayi tikiti ya cika fili bai taɓa ganinsa ba, kuɗin da ake biyansa kuma ba wani na a zo a gani ba. Har kambun Birtaniya da ya ƙwace a hannun Maurice Cullen a Fabrairun 1968, da bugun kwaf ɗaya a turmi na 11, a irin wannan kulob ɗin aka yi. Ga kuma wani abu, cibiyar dambe a Sikotland Glasgow ce, can ne masu kallo suke, can ne tsohon zakaran duniya Benny Lynch ya fito, shi kuwa ɗan Edinburgh ne kuma tsakanin garuruwan biyu akwai 'yar tsama ta tun kaka da kakanni. A 1969 abin ya ishe shi, zakaran Birtaniya guda amma aljihu wayam, ya ce ya bar damben ya koma aikin katako. A wannan shekarar mahaifiyarsa ta mutu, bayan nan ne ya dawo.

Salon dambensa ma sai mai ido ke gane daɗinsa. Ba mai ƙarfin hannu ba ne irin wanda zai kifar da mutum da naushi ɗaya, cikin nasarori 61 guda 27 ne kawai ba a kai ƙarshe ba. Makaminsa hannun hagu ne, yana tsaye ƙyam, yana zungurar fuskarka da hagu sau biyu sau uku a jere, kafin ka kai masa ya goce, ƙafafunsa ba sa tsayawa wuri ɗaya, ga numfashi kamar ba zai ƙare ba, kuma ka tuna lokacin turmi 15 ake yi a wasan kambu, ba 12 na yanzu ba. Irin wannan ɗan damben da maki yake cin wasa, wanda kuwa ke dogara da maki shi ne ya fi kowa buƙatar yin wasa a gida, don alƙalai mutane ne, ihun 'yan kallo yana shiga kunnensu. Ya ɗanɗana hakan a Janairun 1970 da ya je Madrid neman kambun Turai, bayan ya ci wasa 33 a jere ba faɗuwa, aka ba Miguel Velázquez ɗan Sifaniya nasara da maki.

Wannan faɗuwar ce ma ta sa aka raina shi har aka ba shi dama. Ismael Laguna ɗan Panama ne ke riƙe da kambun duniya, mutanensa na neman abokin karawa mai sauƙi, sai ga wani Bature da aka doke kwanan nan. Aka sa wasan ranar 26 ga Satumban 1970 a San Juan ta Puerto Rico, a buɗaɗɗen fili, da rana tsaka. Mutumin da ya tashi a garin sanyi da hazo aka tsayar da shi cikin ranar yankin Karebiyan, har sai da mutanen kusurwarsa suka ari lema a wurin 'yan kallo suna yi masa inuwa a lokacin hutu. Laguna ya fara da kyau, amma ana shiga turamen ƙarshe sai Buchanan ya ƙara wuta, aka gama 15, alƙalai biyu suka ba shi, ɗaya ya ba Laguna. Kamar dai ɗan damben gargajiya ne ya je gidan damben wani gari shi kaɗai, ba makaɗinsa ba 'yan ɓangarensa, ya yi kisa a gaban jama'arsu.

To a nan ne siyasar dambe ta shigo, kuma sai an fahimce ta kafin a gane sauran labarin. Boksin ba shi da hukuma ɗaya kamar yadda ƙwallon ƙafa ke da FIFA. A lokacin manyan ƙungiyoyi biyu ne ke raba kambun duniya, WBA, wadda asalinta ƙungiyar Amurka ce tun 1921 ta sauya suna a 1962, da WBC da aka kafa a birnin Mexico a 1963. Kowacce da jerin gwanayenta, kowacce da wanda take tilasta wa zakara ya kara da shi, in ka ƙi ta ƙwace kambunta. Hukumar dambe ta Birtaniya a wancan lokacin tana ɓangaren WBC ne, ba ta amince da WBA ba. Shi kuma Laguna ana dab da wasan WBC ta tsige shi, saboda haka kambun da Buchanan ya ciyo na WBA ne. Sakamakon haka ya dawo gida a matsayin zakaran duniya, Amurka ta yarda, jaridun dambe sun yarda, amma hukumar ƙasarsa ta ce ita ba ta san zancen ba, kuma ba zai kare wannan kambun a ƙasar Birtaniya ba. Ɗan ƙasarku ya je ya yi abin da aka daɗe wani ɗan Birtaniya bai yi ba a wannan aji, ku kuma saboda rigimarku da wata ƙungiya kuka rufe masa ƙofa. Gaskiya duk yadda aka juya maganar nan an zalunce shi.

Da gida ta ƙi shi sai New York ta karɓe shi hannu bibbiyu. Ranar 7 ga Disamban 1970 ya yi wasa a Madison Square Garden da Donato Paduano na Kanada, wanda ya fi shi nauyi sosai, a daren da Muhammad Ali ya kara da Oscar Bonavena, kuma ya yi masa wasan da 'yan kallo suka miƙe tsaye suna tafi. Marubuta labarin dambe na Amurka suka zaɓe shi gwarzon ɗan damben 1970, ka tuna fa shekara ce da Joe Frazier ke riƙe da kambun masu nauyi Ali kuma ya dawo fage. Akwai labarin da shi Buchanan ya sha bayarwa da bakinsa, cewa a ɗaya daga cikin dararen nan an roƙe shi ya bar Ali ya yi amfani da ɗakinsa na canza kaya, sai ya ɗauki alli ya ja layi a tsakiyar ɗakin ya nuna wa Ali ɓangarensa da wasa, kowa ya yi dariya har shi Alin.

A Fabrairun 1971 ya tafi Los Angeles. Da Mando Ramos aka shirya zai kara, ana saura kwanaki kaɗan Ramos ya janye aka kawo Rubén Navarro, ɗan garin, Buchanan ya doke shi da maki a turmi 15 ya haɗa kambun WBA da na WBC. Yanzu kam ba mai gardama, hukumar Birtaniya ma dole ta yarda. Amma 'yan watanni kawai abin ya yi. WBC ta ce sai ya kara da Pedro Carrasco na Sifaniya, shi kuma yana da alƙawarin sake karawa da Laguna a New York inda kuɗin ya fi tsoka, kuma mutumin da aka yi wa abin da aka yi masa a Madrid ai ba zai yi ɗokin sake wasa da ɗan Sifaniya ba. WBC ta ƙwace kambunta, aka koma gidan jiya. Karawa ta biyu da Laguna a Satumban 1971 ta fi ta farko wahala, idonsa na hagu ya kumbura ya kusa rufewa, Eddie Thomas ya sa reza ya tsaga kumburin jini ya fita don ya iya gani, abin da a yau likita ba zai taɓa bari ba, ya ƙarasa wasan a haka kuma ya ci. Bayan wannan ne suka raba gari da Thomas, ya koma hannun Gil Clancy, mai horar da Emile Griffith.

Sai mu zo kan daren 26 ga Yunin 1972. Durán na da shekara 21, ba a taɓa doke shi ba, ga tsofaffin hannu biyu a bayansa, Ray Arcel da Freddie Brown. Shi Buchanan saura kwana biyu ya cika 27. Dole a faɗi gaskiya ko da tana da ɗaci ga masoyansa: Durán ne ke cin wasan. Tun daƙiƙun farko ya sa safar hannun Buchanan ta taɓa ƙasa aka ƙirga masa faɗuwa, daga nan bai ba shi sarari ba, ya manne masa, yana tura shi jikin igiya, kai da kafaɗa da gwiwar hannu duk suna aiki, ya hana hagun nan tasa sakewa, alƙalin wasa Johnny LoBianco kuma ya bar abubuwa da yawa suka wuce. Duka katunan maki uku Durán ne a gaba da tazara mai yawa. Ana kaɗa ƙararrawar ƙarshen turmi na 13 su biyun ba su daina kai wa juna ba, LoBianco ya shigo ya riƙo Durán ta baya, a daidai lokacin hannun daman Durán ya sauka ƙasa da bel. Clancy ya ce gwiwa ce ma ba hannu ba, amma bidiyon ya fi nuna hannu. Buchanan ya zube, aka kai shi kusurwarsa, LoBianco ya dube shi ya ce ba zai iya ci gaba ba, ya ba Durán.

Mutane kan tambaya, to me ya sa ba a kori Durán ba tunda duka biyu laifi ne, bugu bayan ƙararrawa kuma a wurin da aka hana? Amsar tana da tarihi. A 1930 Max Schmeling ya zama zakaran duniya na masu nauyi a New York yana kwance a ƙasa, saboda Jack Sharkey ya buge shi ƙasa da bel, abin ya jawo surutu sosai, daga nan hukumar New York ta kafa dokar cewa tunda kowa na sa kariya a gabansa, ba wanda zai ƙara cin wasa don an buge shi a nan. Shi kuma LoBianco ya tsaya a kan cewa bai ga laifi a naushin ba. A dokokin yau da an ba shi har minti biyar ya farfaɗo, kuma mai yiwuwa a rage wa Durán maki. Shin da hakan zai canza sakamako? Ni dai ban gani ba, saura turmi biyu kuma sai ya kifar da Durán kafin ya ci, abin da a wancan lokacin ba wanda ya taɓa yi. Amma zakara ne, haƙƙinsa ne a bar shi ya ƙarasa, ko ya faɗi ya faɗi a tsaye.

Inda aka fi cutarsa shi ne bayan wasan. Buchanan da ya ci Laguna ya sake ba shi dama, kuma hakan ne ya jawo masa asarar kambun WBC. Shi kuwa ba a yi masa wannan karar ba. An yi maganar sake karawa, an yi yarjejeniya, ɓangaren Durán ƙarƙashin manajansa Carlos Eleta suka yi ta zillewa har maganar ta bi ruwa. Durán ya kare kambun sau 12 kafin ya bar ajin, ba ko ɗaya da Buchanan, alhali daga baya shi da kansa ya sha sa Buchanan cikin mafiya ƙwarewar waɗanda ya kara da su. Kuma a nan ma rashin gida ne ya yi aiki, da yana da wani babban mai shirya wasa a Birtaniya da zai ajiye kuɗi masu nauyi ya cika fili a Glasgow ko Landan, da Eleta bai ƙi ba, don a boksin kuɗi ke kiran zakara. Buchanan ya rayu da ciwon wannan naushin a jikinsa har tsufa, kuma ya sha faɗin haka.

Bai zauna ba dai. Wata uku bayan nan ya tsayar da tsohon zakara Carlos Ortiz a Madison Square Garden a daren da Ali ya yi karawa ta biyu da Floyd Patterson. A Janairun 1973 ya zo Glasgow ya kara da wani matashi bahago mai suna Jim Watt, turmi 15 masu zafi, ya ci da maki ya mallaki ɗamarar Lonsdale, wadda ake ba zakaran Birtaniya, ta zama tasa har abada. A 1974 ya je Cagliari ta Italiya ya buge Antonio Puddu a gaban mutanensa ya ɗauki kambun Turai. A Fabrairun 1975 ya sami damarsa ta ƙarshe, ya tafi Tokyo neman kambun WBC a hannun Guts Ishimatsu, aka doke shi da maki. Ya koma Cagliari ya kare na Turai, sannan ya ajiye safar hannu.

Ka dubi Jim Watt ɗin nan ka ga bambancin. Shi ma ya sha yawo, har Legas ya zo a 1975 neman kambun ƙasashe renon Ingila, Jonathan Dele ɗan Najeriya ya doke shi da maki. Amma da ya koma hannun Terry Lawless, wanda ke aiki kafaɗa da kafaɗa da babban mai shirya wasa Mickey Duff, sai komai ya daidaita. Durán ya bar ajin, kambun WBC da ke hannunsa a lokacin ya zama ba mai shi, aka kawo wasan har Kelvin Hall a Glasgow a Afrilun 1979, Watt ya doke Alfredo Pitalua na Kolombiya, ya kare kambun sau huɗu duka a Glasgow, ɗaya ma a filin ƙwallo na Ibrox, kafin Alexis Argüello ya karɓe shi a Landan a 1981. Ba rage wa Watt daraja nake ba, jarumi ne kuma ya yi aiki da kansa. Sai dai Buchanan ya fi shi iya dambe, kuma ya nuna hakan a cikin dandamali, amma Watt ne ya sami kambun da hukumar ƙasarsa ta yarda da shi, a garinsu, da manyan 'yan kasuwa a bayansa, ya kuma gama lafiya ya koma sharhin dambe a talabijin shekara da shekaru.

Buchanan kuwa kuɗin da ya tara ya zuba a otal a Edinburgh, aure ya mutu, otal ɗin ya tafi, sai ga shi a 1979 ya dawo dambe yana ɗan shekara 34 ƙafafun nan sun yi nauyi. Charlie Nash ya doke shi a Copenhagen a wasan kambun Turai, daga baya ya faɗi wasa huɗu a jere, ciki har da wanda ya yi da Langton Tinago a Zimbabwe a 1981, na ƙarshe kuma da George Feeney a Janairun 1982. Biyar daga cikin faɗuwa takwas da ke tarihinsa a wannan dawowar aka yi su, saboda haka duk mai duba alƙaluman nan ya san da wannan. Ya koma aikin kafinta, ya yi fama da giya, har wasannin da ba su da lasisi ya yi don neman na abinci. Sikotland ta san irin wannan labarin tun kafin shi, Benny Lynch da ya zama zakaran duniya a 1935 giya ce ta cinye shi ya mutu a 1946 yana da shekara 33, kuma har yau boksin ba shi da wani tsayayyen tsarin fansho ga mutanen da suka ba da lafiyarsu a cikinsa.

Karramawar ta zo, amma a makare. An sa shi cikin zauren gwarazan dambe na duniya da ke Canastota a jihar New York a shekarar 2000, nan ma Amurka ce ta riga. A Mayun 2021 Josh Taylor, ɗan Prestonpans da ke kusa da Edinburgh, ya doke José Ramírez a Las Vegas ya haɗa kambu huɗu na ajin da ke sama da na Buchanan, shekara 50 bayan wasan Navarro, da ya dawo gida ya kwashi ɗamarun ya kai wa dattijon har inda yake, kuma wannan ya sa matasa da yawa a Sikotland suka fara tambayar wane ne shi. A Agustan 2022 aka buɗe mutum-mutuminsa na tagulla a tsakiyar Edinburgh kusa da saman titin Leith Walk, da kuɗin da wata gidauniya ta masoyansa ta yi shekaru tana tarawa, ya halarci bikin amma lokacin ciwon mantuwa ya riga ya kama shi. Ya mutu ranar 1 ga Afrilun 2023 yana da shekara 77.